Injin Iskar da Baffa Ya Kawo wa Inna

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba mu numfashi kyauta bai ce sai an kawo wuta ba. Sunana Saude, shekarata goma sha shida, 'yar Rogo Ruma ce ni. Malaminmu na Hausa ya ce bakina ya fi hannuna gudu, to yau hannun zai gwada sa'arsa. Labarin jinyar Innata Hadiza zan rubuta, domin duk wanda yake da mai ciwon ƙirji a gida, kuma yake da ɗan'uwa mai kuɗi, ya karanta. Larura biyu ce, kowace sai an sa mata ido.

Inna ƙuli-ƙuli take soyawa, tana kuma tatsar man gyaɗa. Tun ina goye take wannan sana'a. Da damina itace ba ya bushewa, sai madafinmu ya cika da hayaƙin da ko sauro ya shigo sai ya nemi afuwa ya fita. A cikinsa take wuni. Cikin daminar bara tari ya kama ta, aka ce mura ce. Bayan mako guda ƙirjinta ya fara kuka. Idan ta ja numfashi sai ka rantse 'yan kyanwa bakwai aka kulle a tukunya.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, sai na samu abin wasa. Nakan sa tsinken kara a baki in kwaikwayi kukan, ƙawayena su yi ta birgima a ƙasa. Har oda suke bayarwa: "Saude, yi mana na safe." "A'a, yi mana na bayan ta hau tudu." Wata rana ina cikin yi sai ga Inna a bayana da tulu a kai. Ba ta dake ni ba, ba ta da numfashin duka. Cewa kawai ta yi, "Yi ta yi, 'yar nema. Ke ma ƙirji gare ki."

Mako na biyu shi ne makon masu ba da magani. Ban san garinmu likitoci ne zalla ba sai lokacin. Wannan ta ce zuma da tafarnuwa, waccan ta ce man shanu mai ɗumi, wani tsoho ya ce naman ƙadangare. Aka tura ni farauta. Kwana uku ina bin katanga da danƙo, har ƙadangarun unguwarmu suka daina gyaɗa kai idan sun gan ni. Inna ta ci biyu a rufe da ido, tarin ya ci gaba da harkarsa. Sai wata tsohuwa ta kawo saiwa, ta ce a yi mata hayaƙi. Aka zaunar da ita, aka sa kaskon garwashi tsakanin ƙafafunta, aka rufa mata bargo, mata biyu suka danne gefen bargon don kada maganin ya gudu. Tana dukan bargon daga ciki suna cewa, "Yauwa, ya fara kamawa." Da aka buɗe ta sai ta kife a ƙasa, ido jajir, baki a hangame kamar kifin da aka jefo tudu.

Wannan ne ya sa Baba ya yarda a je asibiti a mako na uku. Muka hau motar kasuwa zuwa Karaye. Layin yankar kati kuwa, wata mai tsohon ciki da ke gabanmu, kafin a kira ta na rantse ɗan ya fara rarrafe. Sai bayan azahar muka ga likita, wani siriri mai tabarau. Ya ɗora abin sauraro a bayan Inna, ya ɗaga gira.

"Asma ce, abin da kuke cewa fuka. Hanyoyin iska na ƙirjinta ne suke ƙuntata." Ya ɗauko wani ɗan abu mai ruwan bula da ake fesawa a baki, ya ce sunansa inhela, ya koya mata. Fesa biyu, kyanwowin nan suka yi shiru. Inna ta dube shi kamar ya ciro mata ƙaya daga ido. Ya ce, "Hayaƙi, turare, ƙura, ba ita ba su. Kuma kada ku jira wannan ya ƙare kafin ku dawo."

Muka koma gida. Mako biyu Inna tana zaune a inuwa tana ba da umarni, ni ina suya. Ƙulina ya yi taurin da wani ya saya ya ce zai kafa ƙusa da shi. Ciniki ya faɗi, amma Inna tana cin tuwo tana zagina da cikakken numfashi. Da a nan labarin ya tsaya, da ban ɓata takarda ba.

Sai Baffa Alhaji ya dawo daga Makka.

Baffa Alhaji yayan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A Karaye yake, yana sayen barkono da gyaɗa yana kaiwa Kudu. Shi ya riƙe Baba bayan rasuwar kakanmu, shi ya yi masa aure. Har yau Baba ba ya zama a kujera in Baffa yana wurin, tsugunawa yake. Muka je yi masa barka da sauka, muna sa ran dabino da zobe. Sai ya sa aka jawo wani kwali, ya yi murmushi don a ga sabon haƙorin Makka.

"Sale," in ji shi ga Baba, "ciwon matarka ya ƙare. Wannan injin wanke iska ne. A gabana mai kantin ya busa masa hayaƙin taba, ya haɗiye tas. Duk ƙasar Karaye babu mai irinsa."

Fari ne, tsayinsa ya kai gwiwata, da 'yan ramuka a baya da sama, da wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai nauyi da ake fara jona shi a ciki kafin a kai bango. Baba ya yi ta godiya har goshinsa ya kusa taɓa tabarma. Inna ta ce daga bayan labule, "Allah ya saka, Yaya Alhaji."

Matsalar farko, gidanmu babu wutar lantarki. Baffa ya yanke hukunci nan take: Inna ta dawo gidansa da zama har ta warke, ni in zauna ina kula da ita, Baba ya koma gona yana leƙowa duk Juma'a.

Mai riƙe da gidan Baffa ita ce Goggo Ladi, ƙanwarsa, wadda mijinta ya rasu. Goggo mace ce mai tsafta, irin tsaftar da take sa mutum ya ji shi ne dattin. Ta ba mu wani ƙaton ɗaki da aka kwashe buhunan barkono daga cikinsa jiya-jiya. Ni mai lafiya sai da na yi atishawa arba'in a shigata ta farko. Ta sa aka manna injin a kusurwa, bayansa jikin bango, don kada yara su ture shi. Ta saƙa masa ɗan mayafi mai fure ta rufa masa a ka don kada ya yi ƙura. Ta toshe taga da tsumma, ta ce kada iskar Makka ta fita ta amfani maƙwabta a banza.

Aka kunna. Ya ce "vuuu". Mata suka yi salati.

Daga ranar ɗakinmu ya zama wurin ziyara. Daga Tudun Kaya ma an zo. Mutane su yi sallama, su tsallake Inna da ke kwance, su durƙusa gaban injin suna shaƙa. Wata ta kawo jaririnta ta kara kansa a jiki. Ni ma ban zauna haka ba, na tsare ƙofa, duk yaron da zai leƙa sai ya ba ni alewa ko ƙosai biyu. Na gaya musu akwai wani ɗan ƙaramin Balarabe a ciki da mafici. Kumatuna suka cika a makon nan, ba zan ɓoye ba.

Tunda kuwa baƙi suna zuwa, Goggo ta ce ba za a ce ɗakin gidan Alhaji yana warin majinyaci ba. Safe da yamma sai ta shigo da kaskon turaren wuta. Na ce, "Goggo, likita ya hana." Ta ce, "Likitan ya san da injin? Hayaƙin taba ma ya haɗiye, balle turare mai tsada. Ke dai bakinki ya yi yawa."

Wuta kuma takan zo ne kamar baƙon da ke gudun a ba shi aiki, ta leƙo ta koma. Idan aka ɗauke sai Goggo ta ɗaga murya daga tsakar gida: "Hadiza, a riƙe numfashi, sai sun kawo." Gidan ya kwashe da dariya. Har da ni, karo biyu na farko.

A mako na biyu a gidan Baffa inhela ya ƙare. Inna ta girgiza shi, ta fesa, babu komai. Ranar Juma'a Baba ya tsuguna gaban Baffa ya ce a hankali, "Yaya, ɗan abin nan nata ya ƙare, ko a koma wurin likita."

Baffa ya karɓi abin ya jujjuya shi. "Wannan mai kama da tandun kwalli? Shi zai fi abin da na ɗauko a jirgi? Sale, so kake garin nan su ce na kawo kayan banza?"

"A'a, Yaya."

"To a ba shi lokaci."

Ga abin da ban gane ba sai daga baya. Tun ranar da injin ya shigo ɗakin, an hana Inna rashin lafiya. Kullum bayan la'asar Baffa zai tsaya bakin ƙofa ya ce, "Ya jikin?" Inna takan ji takunsa tun daga zaure, sai ta tashi zaune, ta gyara ɗankwali, ta tara iskar da za ta ishe ta kalma uku. "Da sauƙi, Alhamdulillahi." Ya gyaɗa wa injin kai, ba ita ba, ya wuce. Yana ɓacewa ta kifa fuska a filo ta yi tarin da ta riƙe, don kada a ji a tsakar gida. Na ce, "Inna, ki gaya masa mana." Ta ce, "A gidansa, ina cin tuwonsa, in ce masa kyautarsa ba ta yi ba? Ke ba ki da kunya, ni ina da ita."

Idan tarin ya fi ƙarfin filo aka ji, Goggo takan ce wa baƙi, "Akwai mutanen da ko Zamzam aka haƙa musu a tsakar ɗaki sai sun ce ƙishi suke ji."

A mako na biyar injin ya fara zafi yana ƙara kamar tsohon babur. Wannan kam ba a jira Juma'a ba. Cikin awa guda aka kira Malam Isiyaku mai gyaran rediyo. Aka fitar da Inna inuwa, Baffa ya tsaya a kansa, ni aka ba ni riƙon faranti na zuba sukurori. Malam Isiyaku ya cire mayafin Goggo da yatsa biyu, ya jawo injin daga bango, ya buɗe bayansa. Ya zaro wani abu fari mai faɗi, a nannaɗe kamar tattarar zani, yana cikin ledarsa ta kanti a liƙe, ko allura ba ta huda ba.

"Alhaji, wa ya haɗa injin nan?"

"Haka ya zo. Me ya faru?"

"Ai wannan ita ce rariyar. Duk aikin a nan yake. Injin ba komai ba ne illa fanka da rariya. Fankar tana zuƙo iskar ɗaki ta baya, iskar ta bi ta cikin wannan, ƙura da hayaƙi su maƙale, mai kyau ta fita ta sama. To rariyar tana cikin leda, baya yana jikin bango, sama an yi masa lulluɓi. Mako biyar ke nan yana ihu kawai."

Dariya ta taso mini tun daga cibiya. Na tuna masu durƙuso da mai jariri. Na cije leɓe har faranti yana rawa.

Baffa ya ce, "To cire ledar."

"Zan cire. Sai dai ka sani, takan cika ta yi baƙi, sai a jefar a sa sabuwa. Ba a wanke irin wannan. A ɗaki mai turare haka ba za ta daɗe ba."

"A ina ake sayar da sabuwar?"

"Ban taɓa gani ba ko a Kano. Sai dai in wani zai koma can."

Baffa ya yi tunani irin na ɗan kasuwa, na ga lokacin da ya gama. "To mayar da ita yadda take."

"Da ledar, Alhaji?"

"Da ledar. In ta lalace injin ya zama kwali ke nan. Ai iska tana ɗan fitowa, na ji da hannuna." Ya juyo kaina. "Ke kuma, in na ji maganar nan a bakin kowa, sai na yanke harshen."

Malam Isiyaku ya mayar, yana ɗaure sukurori yana magana kamar da injin yake: "Ko an cire ma, ɗakin ya fi ƙarfinsa, na ƙaramin ɗaki ne. Kuma shi ba likita ba ne." Da zai fita ya nuna mini ƙaramin akwatin ƙarfen. "Wannan shi ke rage masa ƙarfin wuta, tasu ta can ba irin tamu ba ce. Kada ki yarda wani ya jona shi kai tsaye a bango, nan take zai ƙone."

Washegari na kwance bayan injin da wuƙar yanka kuɓewa, na yage ledar, na jawo shi daga bango. Mayafin kuwa sai na ji takun Goggo nake mayarwa. Gaskiya iskar ɗakin ta ɗan canja, idan akwai wuta. Cikin kwana shida farar rariyar nan ta koma kalar gindin tukunya. Na nuna wa Inna na ce, "Kin ga abin da kike sha." Ta kalla kawai, don a lokacin magana ta zama mata kaya. Sallah a zaune take yi, Fatiha sai ta huta sau huɗu. Ƙafafunta suka kumbura. Leɓenta ya yi duhu kamar ta ci ɗinya.

Ranar Juma'a na tare Baba a zaure na gaya masa komai, har ledar. Ya daɗe yana kallon takalminsa. Ya ce, "Yaya ya san abin da yake yi."

Na wuce shi na shiga wurin Baffa da kaina, na durƙusa yadda ya kamata. "Baffa, don Allah a kai Inna asibiti. Injin nan ba ya yi mata komai." Marin da ya yi mini, sai da na ga garinmu daga nan. Ya ce muddin injin yana aiki babu inda za a kai ta a tona masa asiri.

Muddin yana aiki. Shi ya faɗa, ba ni ba.

Bayan an sauko daga masallaci aka kawo wuta. Na kama Inna na fitar da ita inuwar ɗakin girki, na ce za a share ɗaki. Na koma, na zare wayar injin daga akwatin ƙarfen, na ce bismilla, na soka ta a bango. Ya yi wata ƙara da bai taɓa yi ba, kamar a karon farko ya ji daɗin rayuwa, sai "fat". Hayaƙi ya fito ta saman da aka ce iska mai kyau ke fita.

Ban gudu ba, ban kuma ce kuskure ne ba. Baffa ya tsinke wayar ya zane ni da ita a tsakar gida. Wayar da ta yi mako shida ba ta amfani kowa ba, ranar ta yi aiki. Goggo tana ƙirga masa wuraren da bai samu ba. Inna tana son ta ce a bari, babu iskar faɗa, sai hannu take ɗagawa. Da ya gaji ya jefar da wayar ya ce wa Baba, "Kwashe su ka kai su inda ka ga dama."

Kafin la'asar muna asibiti. Wannan karon ba mu bi layi ba, wata nas ta ga leɓen Inna ta ture kowa. Likitan nan mai tabarau ya duba katin, ya dubi Baba.

"Ina kuka kai ta wata biyu?"

Ni na ba da labari. Likitan ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Inji iskar ɗaki yake wankewa. Ba ya buɗe ƙirjin da ya rufe." Ya ce zuciyarta ta gaji da turo jini ta ƙuntataccen wuri. Aka sa mata robar iska a hanci, aka yi allurai, aka ɗaura ruwa.

A kwanakin da muka yi can na dame shi da tambaya, har ya ce ko aikin jarida zan yi. Abin da na tattara daga bakinsa da na Malam Isiyaku, ga shi, don shi na zauna rubutun nan. Injin wanke iska ba ƙarya ba ne, yana rage ƙura da hayaƙi, mai asma zai iya jin daɗinsa. Amma kafin ka saya, tambayi mai kanti inda za ka samu sabuwar rariya, in ya fara sosa ƙeya ka bar masa kayansa. Ka tambaya ko na ɗaki mai girman naka ne. Ka san irin wutar da yake ci, ka kuma tuna sau nawa ake kawo ta a garinku. In ka kai gida ka buɗe bayansa ka cire leda, ba kujerar amarya ba ce. Kada a manna shi a bango, kada a yi masa ɗankwali. Sannan fitar da kaskon turare daga ɗaki ya fi inji goma, kuma kyauta ne. Babba a cikinsu: ko injin zinare ne, kada a daina maganin likita saboda shi. Kuma in kai ne mai kyautar, ka tambayi majinyaci ya jiki, ka tsaya ka ji numfashinsa, ba amsarsa ba.

Kwana uku na farko Inna ta farfaɗo. Ta sha kunu, ta ce gishirin miyar asibiti kamar da awo ake sa shi. Na yi mata kwaikwayon Goggo tana saƙa wa inji ɗankwali, ta yi dariya har nas ta kore ni waje. Da na dawo ta kama kunnena, ta duba sawun waya a wuyana.

"Kin kunyata babanki a gaban yayansa."

"Na sani, Inna."

"Kada ki ƙara." Ta saki kunnen. "Miƙo mini ruwa. Kin ga yadda nake jan iska? Har ƙasa take kaiwa."

Ina godiya ga nas ɗin nan da ta ture layi, da wata Bafulatana a gadon kusa da ta riƙa ba mu ruwan zafi daga filas ɗinta, da Malam Isiyaku da ya zo dubiya da lemo biyar bai ce komai ba. Baffa ma ina gode masa, shi ya aiko da kuɗin magani gaba ɗaya, ta hannun direbansa. Ƙafarsa dai ba ta taka asibitin ba.

A kwana na biyar kumburin ya hau ciki. A na bakwai, da hantsi, ina fifita mata kunu ya huce, ƙirjinta ya yi shiru. Na ɗauka sauƙi ne. Sai da Bafulatanar nan ta sauko daga gadonta ta karɓe kofin daga hannuna.

A gidan Baffa aka yi zaman makoki, don shi ne babba. Ranar sadakar uku tsakar gida ta cika da mata, Baba ya shigo karɓar gaisuwarsu, ya tsuguna kusa da ƙofa. Wata baƙuwa ta tambaya me ya same ta, ai an ce tana samun sauƙi. Goggo ta gyara zama.

"Sauƙi kam tana samu. Kullum Alhaji ya tambaye ta, da bakinta take cewa da sauƙi, kowa shaida ne. Wata biyu injin yana riƙe da ita. Ranar da waccan ta ƙone shi, kwana bakwai ta ƙara." Ta nuna ni da haɓa. "Ga ta nan. Wasu haihuwarsu ake yi, wasu kuwa ajali ake haifa."

Mata suka juyo. Wata ta ja 'yarta daga kusa da ni. Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba, na nemi kalma ɗaya na rasa. Na dubi Baba. Ya san ledar, ya ji abin da likita ya ce da kunnensa. Yana ta jan carbi, idonsa a ƙasa, har aka shafa fatiha.

Washegari muka tafi gida. Mota ta ajiye mu a bakin titi, muka bi hanyar gonakin rake, shi a gaba da ƙullin kayan Inna, ni a baya. Muka yi nisa. Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ranar nan ina bakin ƙofa, kin ba ni baya. Na ga lokacin da kika zare wayar."

Na tsaya. "Ka gani?"

"Na gani. Na kuma san abin da zai faru. Da ni ya kamata in yi, tun ranar da abin fesawar ya ƙare."

"To me ya sa jiya ba ka faɗa musu ba, Baba?"

Ya sauya wa ƙullin kafaɗa. "Yayana ne, Saude."

Ya ci gaba da tafiya. Na bi shi, don hanyar ɗaya ce.

Wanda ya karanta ya yi wa Hadiza addu'a, Allah ya ba ta wuri mai faɗi. Ni kuma ba sai an yi mini ba tukuna, ina da sauran magana da mutanen Karaye.